Bayan Takarda

Watan Maris ya shigo Valparaíso da iskar teku,
zafi ya tattara komatsansa ya tafi.
Amaro ya hawo matakalar tudunmu,
ɗari da saba'in da biyu, yana haki,
ya ajiye takarda a gefen tukunyar wake:
"Mama, sa hannu. Gobe ake karɓa."

Na goge ƙarnin kifi a gaban rigata,
na ɗauko tabarau mai ƙafa ɗaya.

Ƙarfe takwas Don Nibaldo zai ja ƙofa,
wanda ya makara ya gaisa da kwaɗo.
Baƙin takalmi, ban da mai ratsi.
Gashi kada ya taɓa wuyan riga.
Waya ta wuni a akwatin malami.
Makara uku, a zo da uwa ko uba.
Duk na gyaɗa kai.
Icce tun yana ɗanye... na san ƙarshen zancen,
da shi aka tanƙwara ni.

Sai na iso layin da aka ja wa jan biro:
iyaye su duba aikin gida kowane dare,
su ga yaro ya kwanta ƙarfe goma.

Ƙarfe goma!
Ƙarfe goma ina tsaye cikin takalmin roba,
wuƙa a hannu, ƙanƙara na cizon yatsu,
ina feɗe kifin da za a ci
a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba.
Wanda ya rubuta layin nan darensa nasa ne.
Nawa na jinginar da shi
tun shekarar da uban yaron ya tafi arewa haƙar tagulla,
wasiƙa ta zo sau biyu, ta ƙafe.

Biro ya tsaya a sama, ya ƙi sauka.
Sa hannu kan abin da ba zan iya ba
ƙarya ce da aka buga wa hatimi.
Na bar takardar a nan, na sauka tudu,
motar ma'aikata ba ta jiran mai tunani.

Da asuba na dawo, ƙafafu kamar na aro.
Jiragen ruwa na kuka a tasha.
Takardar tana kife a kan tebur,
bayanta cike da rubutunsa mai kama da tafiyar kaguwa:

Dokokin Fresia, uwar Amaro.
Littafina zai kwana ƙarƙashin kwalbar gishiri.
Ki buɗe in kin dawo.
Ko ba ki gane lissafin ba,
ki zana ɗan kifi a kusurwa, in san kin wuce ta nan.
Ƙarfe goma wayarki za ta yi ƙara sau biyu.
Kada ki ɗauka, shugaban aiki na kallo.
Ma'anarsa na kashe fitila.
An hana ki wankin rigata, ina da hannu.
An hana ki shan shayi a tsaye.
Wadda ta karya doka uku
sai ta zo da ɗanta.

Na zauna. Na daɗe ban zauna a wannan sa'a ba.
Yaron da na goya har saman tudun nan
yau shi ya goya mini dare.

Na sa hannu a gaba, saboda makaranta.
Na juya, na sa a baya da sunana cikakke,
har da na kakata da ba na rubutawa.

Yanzu sati na biyar ke nan.
Ya makara sau ɗaya, ranar ruwan sama,
gashinsa kuma yana neman rigima da wuyan riga.
Jiya malamar lissafi, Ximena, ta aiko tambaya:
su wane ne waɗannan kifaye
da ke iyo a kusurwar kowane shafi?

Na ce ya gaya mata nawa ne.
Su kaɗai na kama ban feɗe ba.