Shafi na Sha Huɗu

Daren Laraba a Ƙofar Marusa,
an ɗauke wuta, janareton maƙwabci na tari.
Ɗalibaina sha tara ne,
ban san fuskar ko ɗaya ba:
baƙaƙen akwatuna a allon kwamfuta,
murya na zuwa, sabis na yanke ta.

Lurwanu ya turo babi na biyu daga Mai'aduwa.
A shafi na sha huɗu
sai na ci karo da kaina.
Sakin layi guda, nawa ne,
na shekarar da nake goyon Hindatu,
ina jijjiga ta, ina bugawa da hannu ɗaya.
Har kuskuren da na yi a lissafi
ya kwaso, bai bar min ba.

Na tuna Baba a zaure:
ba ya sakin magana
sai ya ce wane ya ji daga wane,
har ya kai ta gidan da aka haife ta.
"Magana ɗiya ce," in ji shi, "tana da uba."

Na rubuta masa: Lurwanu,
kowa a rijiyar wani ya fara sha,
amma faɗi sunan mai rijiyar.
Zanen aro ba ya rufe katara.
Goge shafin. Turo min naka, ko gurgu ne,
zan jira shi har Asabar.

Alama biyu suka yi shuɗi.
Yana rubutu.
Ya tsaya.
Yana rubutu.