Zagayen Sada

Ruwa ya kwana yana zuba, ya ɗauke kafin assalatu.
Na fita ta Ƙofar Sauri,
ni da ba sauri nake ba,
keke ɗan gwanjo a ƙarƙashina,
giya ashirin da ɗaya, shida sun mutu tun a Kwatano,
sarƙa na tauna kanta kamar akuya mai tuƙa.

Bayan gidan bulo na ƙarshe kwalta ta sallame ni.
Daga nan sai burtali.
Rairayi ya sha ruwa ya yi tauri,
ga sawun shanu, ga sawun jaki,
ga sawun tayata na shekaranjiya
da ruwa ya shafe rabi, ya bar mini rabi.

Sada ne ya fitar da hanyar nan.
Shi ya ce: in ka ga kukar da tsawa ta raba biyu, yi hagu.
Kada ka taɓa birkin gaba a gangaren marmara.
In kwazazzabo ya buɗe baki,
ɗaga jikinka daga sirdi, ka bar keke ya yi tunani.
Na ce, keke na tunani?
Ya ce, ya fi ka.

Hawan farko, cinya ta kama da wuta.
Na rage giya, na sake ragewa,
har ba sauran abin ragewa sai girman kai.
Numfashina zugazugin maƙera.
Gero bai kai gwiwa ba, yana leƙena dama da hagu.
Wani ƙadangare a kan fa ya gyaɗa mini kai sau uku,
ban san yabo ne ko ba'a ba.

Sai gangare.
Nan ba ni da shekara hamsin da biyu,
ba takardar likita a aljihu,
ba ɗinkin mutane da na yi wa alkawarin Laraba.
Tsakuwa na tsalle tana bugun ƙarfe, ƙal, ƙal,
iska ta cika mini kunne,
taɓo ya ja mini layi daga ƙugu har ƙeya,
yatsuna biyu na rawa a kan birkin gaba,
ban taɓa ba, Sada,
wallahi ban taɓa ba.

Ƙayar aduwa ce ta tsai da ni a bakin fadama.
Na kifa keke, na zaro tib.
Faci uku tsofaffi, na tsakiya ja ne,
yankan karkace, yankan mai gaggawa,
hannunsa ne.
Shekara ɗaya da wata huɗu da kai shi makwanci,
facinsa bai saki ba.
Sabuwar hudar na kusa da shi, tazarar ɗan yatsa.

Wani dattijo da fartanya a kafaɗa ya tsaya kaina.
Ina za ka da sassafe haka?
Ƙofar Sauri.
Daga ina?
Ƙofar Sauri.
Ya dube ni, ya dubi keke, ya dubi gonarsa mai jiran noma,
ya ce, Allah shi ba ka lafiya.
Duk da haka ya tsuguna,
ya shafa yawu a kan robar ya nuna mini kumfa,
ya dafe mini taya ina buga famfo.

Ragowar hanya ban ƙirga ba.
Ramin masu haƙar ƙasa, ruwa ya cika shi da sama,
yara biyu suna wanke baro,
kan sarƙa ya yi laushi, ko kuwa kunnena ne ya saba.
Ƙamshin ƙosai ya riga ganuwa tarbata.

Awa ɗaya da minti goma sha tara.
Shi a hamsin yake gamawa, yana surutu.

A ƙofar gida Hurera ta dubi bayan rigata,
ta ce, ka dai kai inda za ka?
Na ce na kai.
Na zauna a dakali ina cire ƙarangiya daga ƙafar wando,
ƙayar aduwar tana aljihuna,
ban san me ya sa na taho da ita ba.