Kwana Huɗu

Takardar makaranta ta kwana tara a kan teburin kicin,
gefenta ya sha shayi, ya sha man gyaɗa.
Gurbi biyu ne a ƙasanta:
bana, ko baɗi.
Ni da Britta mun sa hannu a takardar sayen gida cikin minti goma,
wannan kuwa ta gagare mu.

Soren ya zo duniya ran ashirin da takwas ga Agusta,
da asuba, cikin zafin da Duluth ba ta saba da shi ba,
jiragen ruwa na busa ƙaho a kan tafki.
Da ya ƙara kwana huɗu a ciki
da doka ta yanke mana, mun huta.
Sai ya yi sauri,
shi da har yau sai an yi magana sau uku kafin ya sa takalmi.

Britta na lissafi a bayan ambulan:
ƙarin shekara a gidan raino,
kuɗin da zai gyara rufin da ke yoyo kan matakala.
Ta ce, ya san baƙaƙe, yana ƙirga har arba'in,
yana rubuta sunansa, sai dai harafin farko na kallon baya.
Na ce, ƙarfe ɗaya na rana fa?
Kin san inda yake:
ƙarƙashin tebur, yatsa a baki,
barci ya kwashe shi da motar wasa a hannu.

Malama Halvorson ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.
Ta ce in an ƙwace masa abu, ba ya kuka, ba ya faɗa,
sai ya koma bayan labule ya tsaya.
Na san wannan labulen.
Ni ma ɗan Agusta ne,
na ƙarshe in an jera bisa tsawo,
na ƙarshe da muryarsa ta buɗe,
ina kujerar baya a motocin abokai har muka gama.
Britta ta ce, ba kai za mu kai makaranta ba, Arvid.
Maganar ta yi ɗaci don gaskiya ce.

Mahaifiyata Aili ba ta sa baki.
Kowace shekara kafin sanyi ya sauka
takan tsinke tumatirinta ɗanye, ta jera a bakin taga.
Na tambaye ta ko suna nuna.
Ta ce suna yin ja.
Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba.
Ta ce na gonar ma, wani sa'in sanyi ke cinye shi,
ta ci gaba da wanke-wankenta.

Jiya da yamma mun je ganin jirgin tama zai wuce.
Gada ta ɗaga, Soren na kan wuyana, riƙe da kunnuwana.
Ya ce, Baba, motar makaranta mai ruwan ɗorawa,
kujerunta na da ɗamara?
Na ce ban sani ba.
Ya yi shiru har jirgin ya shige,
sannan ya ce, to wa zai riƙe ni?

Ban gaya wa Britta ba.
In na faɗa ya zama hujja,
shi kuwa tambaya kawai ya yi.

Da safe kuma na same shi a bakin ƙofa,
ya goya tsohuwar jakata, ta sauko masa har gwiwa,
ya zuba cokula a ciki da safa ƙafa ɗaya,
wai yana gwajin tafiya.

Ran Juma'a za a rufe karɓar takardu.
Na ɗauko fensir, na bar biro a aljihu.
Britta ta ga fensirin, ta yi dariya, ta jawo kujera.
A sama, mai kwana huɗun yana ta tsalle a kan gado,
ƙurar silin na zubo mana kan takarda.