Bakina Yana Aljihunka

Ranar da muka sauka Rize ruwa ake yi,
kika tambaye ni yaushe zai ɗauke.
Na ce gobe.
Ƙaryata ta farko ke nan a ƙasarmu, Sekar,
don a nan ruwa ba ya sallama,
sai dai ya leƙa maƙwabta ya dawo.

Na saya miki takalmin roba, lamba talatin da shida,
da rigar sanyi mai nauyin ɗan akuya.
Kika tsaya gaban madubi kina dariya,
dariyar da ba ta kai ido ba.
Na gani. Na yi kamar ina neman makulli.

Na bi gida ina manna takardu:
jikin ƙofa sunan ƙofa,
jikin tukunya sunan tukunya,
saura ƙiris kyanwar Inna ta sami tata.
Da dare kina bita kamar mai tilawa,
harshenki na tuntuɓe, yana tashi, yana karkaɗe jiki.
Ni kuwa ina tuna wani kanti a Surabaya
inda na nemi gishiri aka miƙo min sukari,
kika biya, ba ki taɓa ba kowa labari ba.

A ofishin baƙi, benci mai sanyi, hoto huɗu, tambari biyu.
Jami'i yana tambayata ranar haihuwarki,
sunan mahaifinki, ko kina son zama,
ke kina gefe kamar kayan da aka zo fansa a kwastan.
Na amsa duka, har ina jin na yi bajinta.
A mota, kina kallon teku, kika ce:
"Bakina yana aljihunka."
Har gida ban sami abin cewa ba.

Inna ta soya ƙananan kifi, ta gasa burodin masara,
kin ci, kin yaba, kin ƙara don kara.
Tsakar dare na ji motsi a kicin:
shinkafa a ƙaramar tukunya,
da barkonon da kika ɓoyo cikin safa.
Na je har Trabzon neman madarar kwakwa,
na dawo da garin da ake barbaɗa wa kek.
Kin gode. Yana nan a kanta har yau.

Kiran sallah kaɗai ke shigo miki ba tafinta.
Shi ya sa kike buɗe taga da asuba, duk sanyin nan.

Sai watan Mayu, ganyen shayi ya isa yanka,
aiki ya ja ni tashar jiragen ruwa kwana tara.
Na bar miki lambobin waya goma sha ɗaya
da taswirar hanyar kanti, kamar mai barin wasiyya.

Na dawo, gida a rufe.
Can kan gangare, cikin kore har ƙugu,
mata uku sun duƙa da almakashi:
Inna, Zeliha mai bakin tsiya, da wata 'yar ƙarama
cikin takalmin roba da ya sha laka.
Kika ɗago, kika wurgo min wata kalma
da yaren Laz, yaren kakata,
wanda na bari ya zube daga bakina tun ina makaranta.
Gangaren ya kece da dariya.

Na ce, me take nufi?
Zeliha ta ce, "Nemi tafinta."
Kika ce in ɗauki buhu dai, kada in tsaya kamar baƙo.

Muna saukowa gajimare ya taso daga teku.
Ban kawo lema ba, ke kin kawo.
Na ce, wannan kuwa yaushe zai ɗauke?
Kika dubi sama yadda Inna ke dubanta,
kika gyara ɗaurin kallabi, kika ce:
"Gobe."