Tsanwa, Ɗorawa, Ja

Tun kafin assalatu muka iso tasha,
ni da Barira da akwatinta mai taya ɗaya.
Fitilar mai shayi ce kaɗai a farke,
sai wani kare da ke shinshinar motoci.

Su bakwai ne. Na ƙirga su sau biyu
yadda nake ƙirga awaki da magariba:
likita biyu, ungozoma daga Tibiri,
wani dogo mai haɗa magani da ke ta hamma,
saura ƴan allura ne irin tawa.
Ƙasar Cadi, in ji su, can inda gabas ta ƙure,
inda yaƙin maƙwabta ya zubar da mutane
kamar buhun gero da ya yage a bisa jaki.

Kawunta Ɗan Jimma ya ce ba ya rakiya.
Jiya ya tsaya bakin zaure yana faɗa:
"Ciwo ya ƙare a Maraɗi ne?
Masassara ta yi ƙaura daga Bagalam?
Aikin da ba albashi sai kuɗin sabulu!"
Ban tanka ba. Ina dakan yajin guzuri,
na bar taɓarya ta ba shi amsa.

Shi ba ya nan waccan shekarar.
Ni na goyo ta daga Madarunfa,
shekarar da fara ta riga mu girbi,
goyon da ba nauyi, har na riƙa taɓa baya
in ji ko tana nan.

Ƙarƙashin tanti wata baƙuwa ta karɓe ta,
baƙar fata kamar mu, amma bakinta na nesa.
Hausarta duka guda uku ce:
sannu, buɗe baki, gobe.
Ta naɗa siririn ma'auni a damtsen ɗiyata,
ta ja, ta ja, har ya tsaya kan ja.
Ta dube ni. Ta ce, gobe.
Kwana goma sha tara tana ce mini gobe,
da cokali, da madara, da ido biyu tsakar dare,
har ranar da Barira ta cije mata yatsa,
ta yi ihun murna, tantin duka ya taru.
Ban san sunanta ba.
Mai ƙishirwa ba ya tambayar wa ya gina rijiya.

Daren jiya na jiyo ta a ɗaki da salula
tana nanata wasu kalmomin Larabcin can,
harshe na tuntuɓe, tana sakewa.
Na ce, wane karatu ne wannan ba alwala?
Ta ce, Inna, "buɗe baki" nake koyo.
Sai na fita duba kaji,
kajin da na rufe tun isha'i.

Yanzu yaron mota na bubbuga ƙarfe.
Na cusa mata yaji, da busasshen zogale,
da jika biyu
da ta faki idona ta mayar cikin kwandona.
Daga aljihun rigarta ma'aunin nan ya leƙo,
tsanwa, ɗorawa, ja.
Na kama damtsenta wai addu'a zan yi,
yatsuna suka kewaya, suka kasa haɗuwa.

Motar ta juya hanci yamma.
Yamai tukuna, wai can ake hawan jirgin gabas.
Na bi ta da sassarfa: yaushe za ki kira?
Ta leƙo ta taga, inji ya cinye maganar,
abin da ya tsira har kunnena
kalma ɗaya ce, na kuwa san ta.

Ladan ya fara. Na gyara mayafi.
Bayan rumfar mai shayi, cikin duhu,
ga Ɗan Jimma bisa babur, fitila a kashe,
yana goge fuska da hula.
Ya ce, hayaƙin motar nan ba kyau.
Hau, in kai ki gida.