Farin da Ba Fari Ba

Mahaifina, Théodule Quesnel,
ɗan mai wanki ne a bakin kogin Seine,
can ƙasa da Rouen, inda ruwa ke fara ɗanɗanar gishiri.
Kafin ya san buroshi ya san igiyar shanya.
Yana ɗan shekara bakwai, kwance ƙarƙashin zannuwan gadon masu kuɗi,
ya ga abin da ya hana shi sakat har ya koma ga Mahalicci:
farin zane da asuba shuɗi ne,
da hantsi ya koma ruwan madara,
la'asar sakaliya ta shafa masa zuma a gefe.
Ya ce da kakata, "Wankinki fa ba fari ba ne."
Ta make masa ƙeya da jiƙaƙƙen hannu.

Tun daga ranar bai ƙara yarda da sunan launi ba.

Malaman Paris suka ce ya zauna a ɗaki,
ya zana jarumai, ya goge sawun buroshi
har fuskar hoto ta yi sumul kamar faranti.
Wata shida ya yi, tari ya kama shi.
Ya dawo a jirgin ƙasa, goshi jingine da gilashi,
gonaki na wucewa a guje, ba gefe, ba iyaka,
kore na shiga rawaya, itatuwa na narkewa cikin hayaƙi.
Ashe haka duniya take in ba ta tsaya maka ba.

Ni ce mai ɗaukar akwatin fenti.
Ƙarfe biyar muke fita, burodi a aljihu,
takalman katako na ƙwas-ƙwas bisa duwatsun hanya.
Ya kafa ƙyalle uku a jere gaban kwalekwale ɗaya,
na Firmin masunci, wanda bai san biyan bashi ba.
"Sidonie, miƙo na biyu, hasken ya juya!"
Minti goma sha biyar rana ke ba shi aro,
kuma ba ta ɗaga ƙafa.
Shi ya sa hannunsa ke sara da sauri, ɗigo-ɗigo,
kamar kaza na tsattsagar tsaba kafin a kore ta.
Masu saye suka ce bai gama ba.
Ya ce, "Ku je ku gaya wa rana."

Akwai yashi cikin fentinsa, ku shafa ku ji.
Akwai ƙudan da ya maƙale a sararin saman wani hoto,
ya bar shi, wai shi ma ya halarta.

Shekarar da babu ta zauna mana, shuɗi ya yi tsada.
Hotunan wannan hunturu duk toka ne da ruwan ƙasa.
Yanzu masana na cewa lokacin baƙin cikinsa ke nan.
Ni dai na san kuɗin shuɗin dankali muka saya.

Da mahaifiyata ta rasu, a watan da tuffa ke fure,
na zaci baƙi zai ce in miƙo.
Bai taɓa shi ba.
Ya zana kujerarta a lambu, ba kowa a kai,
inuwar shunayya, ciyawa na ta sheƙi ba kunya.
Sau tara ya zana ta,
har furen ya kaɗe.

Da yana ta hau idonsa na dama
kogin ya zama garwashi, gada ta zama tabo.
Likita ya ce a huta.
Ya ce, "Abin da ido ya kawo shi nake karɓa,
ba na mayar da baƙo daga ƙofa."
Ina karanta masa sunayen fenti,
yana gyaɗa kai kamar mai jin labarin tsofaffin maƙwabta.

Yau na yi shanya a igiyar kakata.
Jikana Anselme ya kwanta ƙarƙashi, ya yi shiru, ya daɗe.
Na tsaya, hannuna a jiƙe, ina jiran abin da zai ce.
Ya ce yunwa yake ji.

Na ɗaga kai na duba zanen da kaina.
Iska ta hura shi ya yi ciki,
can wajen lanƙwasar
shuɗin yana nan.