Rijiya Casa'in da Shida

Biyun dare a Can Tho,
Nguyet na ɗiga ruwa a faranti
mai rijiya casa'in da shida,
kowace ba ta fi idon kifi ba.

A ta sha bakwai
akwai jatan landen kawunta Loc:
wata huɗu cikin taɓo,
da bashin da bai gaya wa matarsa ba.

Shuɗi ya koma ɗorawa.
In launi ya kama, an tsira,
in ya koɗe, da sauran magani.

Ta sha bakwai ta koɗe.

Ta sake gwadawa. Ta sake.
Na'ura ba ta san kawu ba.

Waya na ruri a aljihunta.
Ta rubuta lambar tukuna,
da hannun da shi ya koya wa jefa koma.